Ku buɗe fili: magana kan gaɗa da bukukuwan aure a Yamai



 Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama. Da aka aiko yarinya ta ce ana so in zo in yi magana, sai da na tambaye ta: kin tabbata ni aka ce? Domin na san waɗanda suka riga ni zama a kan wannan kujera, masu maganar tsadar abinci ne, da masu maganar ruwa da wuta, da masu maganar azuzuwan zana da yaranmu ke karatu a ciki. Ni kuwa abin da na iya shi ne tafi. Ta ce ai tafin ake so. To, ga ni.

Tsohuwar malamar makarantar firamare ce ni. A Tasawa aka haife ni, aiki ya kawo ni Yamai, na yi shekara 30 da ɗoriya da alli a hannu. Tun da na ajiye aiki, abin da aka san ni da shi a unguwa ɗaya ne: in ana bikin aure, sai a kira ni ranar wuni in tsaya a tsakiyar mata in ba da gaɗa, in jawo waɗanda ba su iya ba su shigo. Ba ni da ganga, ba ni da lasifika, kuma ba na karɓar liƙi. A kan wannan ɗan aikin zan yi magana, da dalilin da ya sa nake ganin ya shafi irin wannan zama namu.

Na ga wasu a baya suna kallon juna, don haka bari in faɗi mece ce gaɗa. Wasa ne na ƴan mata. Da daddare, bayan an ci tuwo, musamman in akwai farin wata, sai a haɗu a dandali a yi da'ira. Babu makaɗi, tafin hannu shi ne gangar. Mutum ɗaya ce ke ba da waƙa, sauran su amsa. Ana cikin haka sai ɗaya ta shiga fili ta taka, ta fito, wata ta shiga. A wani salon, wadda ta shiga sai ta juya baya ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta. Ba ta waiwayawa ta ga ko sun shirya. Ta san suna nan.

Mu babu wanda ya zaunar da mu ya ce yau za a koyi gaɗa. Kina ƴar shekara 6 kina bayan yayyenki kina tafi, har barci ya ɗauke ki a goyo ki gida. Wata rana sai ki ji amshin ya zauna a bakinki. Yaran da aka haifa a Bukoki ko Lazare ko Banifandu yau ba su da wannan dandalin. Filin an gine shi, ko an mai da shi gareji, kuma uwa mai hankali ba za ta bar ɗiyarta a titi da ƙarfe 10 na dare ba. Ban ga laifin kowa a nan ba. Sai dai mu san cewa hanyar da muka bi muka koya ta toshe, kuma wurin da ya rage mana inda kaka da jika ke wuni a tsakar gida ɗaya shi ne biki.

Bari in ba ku labarin yadda na fara, domin da kuskure na fara.

A bazarar 2017 aka aurar da ɗiyar ƙanwata a Talaje. Ango Bazabarme ne, danginsa suka zo daga Doso. Mu ma namu suka zo, cikinsu har da gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage mana a tsararsu. Ta taso daga wani ƙauye kusa da Tasawa, tafiyar sama da kilomita 700, da ƙullin daddawa da kuka da kwalbar man shanu. Ranar wuni aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru duk suna kallon gaba, aka ajiye amarya a kan kujerar alfarma, mai kiɗa ya kunna kayansa. Daga nan sai kiran sunaye. A kira Hajiya wance, ta taso da ƙawayenta cikin anko, a liƙa jika 5, jika 10, a koma a zauna, a kira ta gaba. Gwaggo tana can layin ƙarshe tun hantsi. Daga baya na gane akwai dala 100 ɗaure a bakin zanenta, ta tanada don amarya, amma da ta ga abin da ake zubarwa sai ta ƙara ɗaure ƙullin. Har la'asar babu wanda ya ambaci sunanta, alhali ita ce ta yi wa uwar amaryar wankan jego.

Wajen ƙarfe 5 aka ɗauke wuta. Kun san yadda wurin biki ke zama in lasifika ya mutu, kowa sai ya ji kamar an tsirara shi. Ana neman injin wuta, sai na ji tafi a hankali daga baya. Gwaggo ce da wasu tsofaffi biyu. Ni kuma da zumuɗin malamai sai na yi wuf na tara ƴan mata, na ce ku zo ku ga yadda ake yi a garinmu. Na ba da waƙa mai tsawo, babu wadda ta iya amsawa. Maimakon in sassauta, sai na kamo wata yarinya ƴar shekara 15 na ce juya ki faɗo, za a cafe ki. Yarinyar ta yarda da ni. Ta faɗo. Waɗanda ke bayanta kowacce waya ce a hannunta tana ɗauka. Ta bugu da ƙasa, ta yi targaɗe a hannu, wurin ya ɗauki dariya. Kafin isha'i hoton yana yawo a WhatsApp. Yarinyar nan ta fi shekara ba ta taka gidan biki ba. Har yau in na haɗu da uwarta a kasuwar Wadata sai na ji nauyi.

Da dare Gwaggo ta kira ni ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ɗiyata, wa ya ce miki da faɗuwa ake farawa? Mu sai da muka shekara muna tafi bayan yayyenmu kafin a bar mu mu shiga fili. Ke kin ɗauko ɗiyar mutane kin jefa ta hannun waɗanda ba su san suna da hannu ba.” Kwana 3 ta ƙara a gidana, ina tambaya tana faɗa ina rubutawa a littafi. Bayan shekara 2 Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta. Duk abin da zan faɗa muku na yadda ake wannan aiki, ko daga bakinta ne, ko daga kurakuran da na ƙara yi bayan ta.

Amma kafin nan, ku dubi bikin da na kwatanta muku, ku gaya mini in ba haka yake a unguwanninku ba. Da, biki da'ira ne, kowa na ganin fuskar kowa. Yanzu layi ne, akwai na gaba akwai na baya, kuma kowa ya san abin da ke kai mutum gaba. Rawa ta zama abin da ake saye da takardar kuɗi. Matar da ba ta da abin liƙi ta san matsayinta tun daga ƙofa. Na san mata da suka ci bashi don anko da liƙi na wuni ɗaya, suka yi wata 3 suna biya daga kuɗin cefane. Na san waɗanda suka ce ba su da lafiya ranar bikin ɗiyar ƴar'uwarsu, alhali lafiyarsu ƙalau, kunya ce ta hana su. Ku da kuke maganar haƙƙin talaka a gaban hukuma, ga wani wuri da muke ware talaka da hannunmu, cikin danginmu, muna guɗa.

Ƴan tsarata za su ce ai da ana kula da al'ada. Gaskiya ne, kuma ina cikin waɗanda suka ci moriya. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa rasuwarsa a 1987, an farfaɗo da samariya, kowace unguwa da sarkin samarinta. Ana yin gasar matasa ta ƙasa, festibal, a fafata a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tun daga ƙaramar hukuma har a fitar da wakilan jiha, jihohi 7 na wancan lokaci su haɗu. Na yi rawa a ƙungiyar garinmu, an ɗinka mana kaya iri ɗaya, mun yi wata da watanni muna gwaji. A nan na fara ganin rawar Barebari da ta Buzaye da ta Fulani da idona, kuma a nan da yawa daga cikinmu suka gane cewa Nijar ta wuce garinsu. Ba Nijar kaɗai ta bi wannan hanya ba. Gini ta riga mu, inda ƙungiyar rawar da Fodéba Keïta ya kafa ta zama ta ƙasa bayan ƴancin kai na 1958, ta zaga duniya.

Sai dai akwai abin da ban lura da shi ba sai da na tsufa. Ranar da muka hau dandamali, mun zaɓi ƴan mata 20 da suka fi iyawa, sauran garin suka zama ƴan kallo. Gaɗar dandali kuwa ba ta da ƴan kallo. Gurguwa tana tafi, mai muryar gwangwani tana amshi, babu alƙalin da ke ba da maki. Da samariya ta watse, masu iyawar suka yi aure suka tsufa, ƴan kallon kuma ba su da abin da za su miƙa wa ɗiyansu.

Ku kwatanta da kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ƙasar nan ke tsayawa cak in ana karawar ƙarshe. Me ya riƙe ta? Takobin yana da daraja, amma abin da ya riƙe ta shi ne har gobe in kaka ta yi, yara a ƙauye suna kama juna a kan rairayi ba tare da an gayyace su ba. Saman yana da ƙarfi don ƙasan yana raye.

Muna da gidajen ajiya a garin nan, kuma ina girmama su. Ga gidan tarihi na Boubou Hama tun 1959. Ga cibiyar CELHTO da ke tattara adabin baka tun 1968. Ga cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, ga gidan al'adu na Oumarou Ganda, ga taskar Muryar Sahel cike da muryoyin zabiyoyin da suka riga mu gidan gaskiya. Hukumar UNESCO ta sa kiɗan imzad na Buzaye cikin gadon duniya a 2013, ta sa wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilunmu a 2014. Duk wannan alheri ne. Amma faifai ba ya cafe yarinya in ta faɗo. Abin da ake yi da jiki, in jiki ya daina yi, ya tafi, ko da an adana hotonsa.

Wani ɗalibina da ya yi karatu a waje ya ba ni labarin da ya ƙarfafa mini gwiwa. A Sikotilan suna da taron rawar gargajiya da suke kira keli, kuma sukan yi shi a bikin aure. Baƙi da yawa ba su iya ba, don haka akwai mutum ɗaya da aikinsa ke nan: ya bayyana takun kafin a fara, ya sa a gwada a hankali, in kiɗa ya tashi ya riƙa kiran abin da za a yi. A Amurka ma akwai rawar ƙauye ta mutum takwas-takwas da ba ta yiwuwa sai da mai kira. Tasu rawar maza da mata ce a haɗe, tamu ba haka take ba, kuma ba ita nake so mu ɗauko ba. Abin da na ɗauka shi ne ba su ji kunyar amsa cewa mutanensu sun manta ba, suka ajiye wanda zai tuna musu. Mu kuwa muna da wannan kujera tun asali. Mai ba da waƙa ke nan. Aiki ne kawai ya ƙaru mata: da tana jagorar waɗanda suka iya, yanzu za ta jagoranci waɗanda ba su taɓa yi ba.

To yaya ake yi? Ga abin da na koya.

Da farko, izini. Ina zuwa wurin uwar biki tun kwana 2 ko 3 kafin ranar, in tambaya ko maigidan ya yarda, in tambaya su wa za su zo daga dangin ango. Sannan in sami mai kiɗan da aka ɗauka in gaishe shi da mutunci, in ce ɗana, minti 30 nake roƙo bayan la'asar, ka huta ka sha ruwa. Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba, in dai an gaya masa tun da wuri. A cikin gida nake yi, mata zalla, ba a bakin titi ba.

Na biyu, waya. Kafin a ɗaga hannu sai in ce, ƴan'uwa, na rabin awa kowa ta sa wayarta a jaka, hannu biyu nake so. Akan yi gunaguni. Sai in ba su labarin yarinyar Talaje, ba tare da suna ba. Ku sani, yawancin matan da ke cewa ba su iya rawa ba, tsoron TikTok ne ke riƙe da su. Matar aure ba ta son ta wayi gari surukinta ya gan ta a wayar wani. In aka ajiye waya, za ku sha mamakin waɗanda za su tashi.

Na uku, a ture kujeru a yi da'ira, kuma da tafi kaɗai ake farawa. Babu waƙa, babu taku. In tafa, su tafa, har hannu 40 su zama kamar hannu ɗaya. Wannan kan ɗauki minti 2 ko 3, kuma kada a yi gaggawarsa, domin duk wadda ta tafa ta riga ta shigo wasan ba ta sani ba.

Na huɗu, amshi gajere. Kalma biyu ko uku, waɗanda ko Bazabarma da ba ta jin Hausa sosai za ta kama a karo na biyu. Dogayen baitoci nawa ne, ni zan ɗauki nauyinsu. Kuma ina tace waƙoƙin. Gaɗa tana da habaici, akwai na kishiya, akwai na uwar miji, akwai masu zambo ga wata ƙabila ko wata sana'a. A dandali tsakanin ƙawaye suna da wurinsu. A gidan da dangi biyu suka fara haɗuwa yau, waƙa ɗaya tana iya kunna wutar da za ta shekara tana ci. Waɗannan ina barin su a littafi.

Na biyar, kira ya riga ƙafa. Wannan shi ne sirrin aikin, kuma sai da na daɗe kafin in gane. In kika ce “juya” a daidai lokacin juyawa, kin makara, rabin fili zai rikice. Sai kin faɗa saura tafi ɗaya, don kunne ya kai wa ƙafa saƙo. Kalmomin kuma kaɗan: dama, hagu, shigo, juya, koma. Ba a lacca a fili. Abin da baki zai yi minti 5 yana bayani, ƙafata za ta nuna shi sau biyu a gane.

Na shida, wa ke fara shiga? Tsohuwa. Kullum ina neman wadda ta fi kowa shekaru, irin su Gwaggo da ke layin baya, in durƙusa in ce Inna, a buɗe mana fili. Za ta ce ƙafa ta ƙi, gwiwa ta ƙi. In tafi ya yi daɗi za ta tashi, ko taku uku ne. In kaka ta taka, wace jika ce za ta ce ta fi ƙarfin abin? Bayan ta sai baƙi, dangin ango. Ƴan mata masu kunya kuwa bibbiyu nake shigar da su, hannu cikin hannu, don kada ido ya taru a kan mutum ɗaya. Wadda ta ƙi, a ƙyale ta, tafinta ya isa. Kuma duk wadda ta shiga ina kiran sunanta da na gidansu da ƙarfi, a yi mata guɗa, ba ta ba da ko dala ba. Na ga matar da ta fashe da kuka don wannan kaɗai. Ta ce rabon da a kira sunanta a taro tun mijinta na da rai.

Na bakwai, faɗuwa ita ce ƙarshe, kuma ba kowane biki ake kai wa gare ta ba. In na ga hannaye sun saba, sai in zaɓi mata 4 masu ƙarfi in tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, in fara faɗawa da kaina, da tsufana. In sun cafe ni, yara sun ga ana cafewa. Mai ciki da mai ciwon baya ba sa yi, ko sun roƙa.

Na ƙarshe, a tsaya tun da sauran daɗi. Kafin kiran magariba na rufe, a yi wa amarya da ango addu'a, in mayar wa mai kiɗa filinsa.

Akwai abin da ya keɓanta da Yamai. Tun da aka dawo da babban birni nan daga Damagaram a 1926 garin ke tara mutane, har ƙidayar 2012 ta same mu sama da miliyan 1. Da wuya ka je biki a nan ka tarar da harshe ɗaya. Don haka ba na cika fili da gaɗar Hausa kaɗai. In dangin ango Zabarmawa ne, sai in nemi babbarsu in ce ta nuna mana nasu, ko bitti ne ko wasan tafinsu na ƴan mata, ni in koma ɗaliba, in riƙa maimaita kiranta da Hausa. In mutanen Ayoru ne ko Buzaye, ga takamba, wadda ko a zaune ana yin ta, hannu da kafaɗa ne ke aiki a hankali, ta dace da tsofaffi da masu jin nauyin jiki. Zabarmancina bai wuce na kasuwa ba, amma “kaa” da “fofo” sun ishe ni in jawo mace fili in gode mata. In kuma wuri ya yi sanyi, sai in nemo abokan wasa. In ce ina Bagobira a nan, ga Zabarmawa sun ce ba ki iya ba. Ko in tsokani Fulani da Barebari. Nan take wuri ya kaure. Abin da UNESCO ta rubuta a takarda, ga shi yana aiki a tsakar gida. Ranar da aka samu saɓani a gidan amaryar nan, kuma za a samu, matan da za su zauna sulhu sun taɓa riƙe hannun juna suna dariya. Ba ƙaramin jari ba ne.

Na san akwai masu ja, kuma ba na raina hujjarsu.

Wasu na cewa addini. Fatawa aikin malamai ce, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da na karanta a Sahihul Buhari shi ne, lokacin da Nana A'isha ta kai wata amarya gidan wani mutumin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin mutanen Madina suna son sa. Ni dai abin da nake yi mata ne zalla, cikin gida, da suturarsu, babu waya, kuma ba ya cin lokacin salla. Gidan da aka ce ba a so, ina yi musu Allah ya sanya alheri in ci tuwona in tafi, ba gardama.

Wasu na cewa za mu kashe wa maroƙa da makaɗa kasuwa. A'a. Biki shi ne gonarsu, da shi suke ciyar da iyali, kuma su ma masu riƙe da gado ne. Rabin awa na roƙa daga wuni guda. Bikin magaji ba ya hana na magajiya.

Wasu kuma, musamman ku ɗiyana, kuna cewa ƙauyanci ne. Na ji. Amma na lura da abu ɗaya: rawar da kuke koya a waya, kuna tsayawa gaban madubi ku maimaita sau 50 har ku iya. Ashe ba wuyar koyo ba ce. Ba a taɓa gayyatarku cikin wannan ba ne yadda ba za ku ji kunya ba, kuma wannan laifinmu ne mu manya. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. In mu da muka gani da ido muka tafi ba mu miƙa ba, babu wanda za su tambaya.

Don haka ga roƙona, kuma ba ya bukatar kuɗin wani mai ba da tallafi. In za a yi biki a gidanku, ku ware rabin awa da babu liƙi, ku faɗa tun a wurin shirya biki don kada a ce an manta. Duk mai tsohuwa a gida, kaka ko gwaggo ko inna, ta zauna da ita a wannan makon da littafi, ta tambaye ta me suke waƙa suna ƴan mata, yaya tafin yake, a kuma rubuta sunan garin da aka samo kowace waƙa. Ƙungiyoyin mata masu foyandi da adashi, kuna haɗuwa kowane wata, ku gwada a tsakaninku kafin ranar biki. Sannan ina neman ƴan mata ko 5 ne da za su riƙa bi na gidajen biki. Ba sai mai murya ba. Mai haƙuri nake so, wadda idonta ke kai wa layin baya. Gwiwata ta fara ba ni labari, kuma littafin Gwaggo bai kamata ya ƙare a akwatina ba.

Yarinyar nan ta Talaje, bara aka yi nata auren. Uwarta ba ta kira ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma na ji an ce da la'asar ƙawayenta sun ture kujeru sun yi tafi, wai wata daga cikinsu ta taɓa gani a wani biki a Harobanda. An ce amshin duk sun karkace shi. Na ce a bar su, haka mu ma muka fara.

Na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini hannu. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini. Maza, ku yi mana haƙuri ku ɗan fita ku sha iska. Mata, ku sa wayoyinku a jaka, ku ture kujerun nan gefe. Inna, ke da ke can baya, a buɗe mana fili.